Hangen Dala ba shiga birni ba: manyan kamfanonin fasaha da kasuwar duniyar kamar-gaske

Shekara goma ke nan da ɗoriya ana tafka muhawara a jaridun Turai da Amurka a kan tambaya guda: shin ya dace babban kamfanin fasaha ya zuba dukiyarsa a kasuwar abin da Faransawa ke kira réalité virtuelle? An yi wannan tambaya a kan Facebook a 2014, aka yi ta a kan Google da Sony da Microsoft, sannan aka daɗe ana yin ta a kan Apple kafin ya fito da nasa kayan a 2024. Masu ba da amsa galibinsu masu hannun jari ne da ƴan jaridar kasuwanci, ma'auninsu kuwa bai wuce riba da hasara ba. Amma tambaya takan sauya kama idan ta sauya mazauni. In aka ɗauko ta daga Kalifoniya aka ajiye ta a Bawdeta, cikin gundumar Tasawa, ko a wani ƙauye na ƙasar Mayahi, sai a tarar akwai abin da masu lissafin riba ba su taɓa sawa cikin lissafinsu ba, wato wane ne zai yi kallo, wane ne kuma za a kalla.

Bari mu fara da bayanin abin da kansa, domin da yawa daga masu karatu sun ji labarinsa ba su taɓa riƙe shi ba. Wani irin tabarau ne mai kauri da ake ɗaurawa a kai, ya rufe idanu ruf. A cikinsa akwai ƙananan allunan hoto, kowane ido da hoton da yake gani, sun ɗan bambanta da juna kamar yadda ganin idon dama ya bambanta da na hagu, sai ƙwaƙwalwa ta haɗa su ta ga zurfi da nisa. Akwai kuma na'urorin da ke bin motsin kai: ka waiwaya dama, hoton ya waiwaya tare da kai, ka ɗaga kai, ka ga sama. Da haka mutum yana zaune a ɗakinsa zai ji kamar yana tsakiyar wata kasuwa ko ƙarƙashin teku. Hausa ba ta riga ta tsayar masa da suna ba, don haka a nan za mu kira shi duniyar kamar-gaske. Sunan na Faransanci ya girmi kwamfutar zamani: Antonin Artaud ya yi amfani da shi a littafinsa Le Théâtre et son double na 1938, yana magana ne a kan wasan kwaikwayo. Wannan asali yana da amfani a gare mu, don yana tuna mana cewa batun na adabi ne da fasahar nuni kafin ya zama na ƴan kasuwa, kuma mai nazarin adabi yana da bakin magana a cikinsa.

Tarihin kasuwar gajere ne, amma cike yake da kaburbura. Kamfanin Nintendo na Japan ya gwada a 1995 da wata na'ura mai suna Virtual Boy, bai yi shekara guda cur ba ya janye ta. A watan Maris na 2014 Facebook ya sayi ƙaramin kamfanin Oculus a kan dalar Amurka kusan biliyan 2, a watan Oktoba na 2021 kuma ya sauya sunan uwar kamfanin zuwa Meta don nuna cewa can ya sa gaba. Sashen da ke wannan aiki ya yi hasarar dala biliyan 10.2 a 2021, da 13.7 a 2022, da 16.1 a 2023, da 17.7 a 2024. Hasarar shekara guda daga cikin na baya-bayan nan ta yi kusa da duk abin da tattalin arzikin Nijar ke samarwa a shekara. Google ya fito da tabaran kwali mai arha a 2014, ya biyo da Daydream, ya yi watsi da shi a 2019. Microsoft ya kawo HoloLens a 2016, ya daina ƙera shi a 2024. Apple, wanda aka daɗe ana jira ana cewa shi ne zai gyara kasuwar, ya fara sayar da Vision Pro a watan Fabrairu na 2024 a kan dala 3,499. An yaba kyan hotonsa, amma masu saye ba su yi rububi ba.

Idan aka juya wannan farashi zuwa kuɗin Sefa ya kai wajen miliyan 2. Mafi ƙarancin albashi a Nijar, tun daga 2024, jaka 42 ne a wata, ke nan ma'aikaci zai tara albashinsa na shekara huɗu, bai ci ba bai sha ba, kafin ya sayi tabarau guda. Mai arha daga na Meta, wanda ya fito a 2024 a kan dala 299, shi ma ya cinye albashin wata huɗu. Batirin Vision Pro na 2024 awa biyu ne zuwa biyu da rabi, masu shi kuma sun ce an yi shi ne don wurin da zafinsa bai wuce digiri 30 ba. Duk wanda ya yi bazara a ƙasar Tasawa ya san inda ma'aunin zafi ke tsayawa a watan Afrilu. Ga ƙurar hunturu, ga ƙarancin lantarki a ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wuta, wadda kuma ta ga yadda aka katse layin da ke zuwa daga Najeriya a watan Agusta na 2023. Wanda ya zana wannan na'ura bai sa mu a ransa ba, kuma bai ɓoye hakan ba.

Sai dai adalci ya wajaba mu saurari masu cewa a shiga. Hujjarsu mai ƙarfi ce: babban kamfani ne kaɗai ke iya jure hasarar shekaru har abu ya nuna, kuma duk abin da aka ƙera da yawa farashinsa sauka yake yi. Suna da shaida a hannunmu ma. Lokacin da salula ta shigo Nijar a 2001 kayan manyan ƴan kasuwa ce da manyan ma'aikata. Yau mai sayar da awaki a kasuwar ƙauye yana da ita. Binciken da masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta wallafa a 2010 ya nuna cewa tsakanin 2001 da 2006 salula ta rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwannin ƙasar nan da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, domin ɗan kasuwa ya daina ɗaukar mota ya je ya tambayo farashi. Haka kuma babu mai musun cewa duniyar kamar-gaske tana da amfani wajen horar da matuƙan jirgin sama da likitocin tiyata, inda kuskure a wurin koyo ya fi sauƙi a kan kuskure a jikin mutum.

Amma in aka duba misalin salular da kyau, sai a ga bai goyi bayan masu kawo shi gaba ɗaya ba. Salula ta bazu ne saboda ta tarar da buƙata tana jiran ta: ɗan cirani a Legas ko Agadas yana son jin muryar gida, manomi yana son sanin kuɗin tiya. Kuma kamfanin da ya fito da iPhone a 2007 bai kai ta Korgom ko Hawan Dawaki ba. Waɗanda suka kai ta su ne masu ƙera Tecno da Itel, da suka lura cewa mutanenmu suna son waya mai ɗaukar layi biyu, mai batirin da ke kwanaki, wadda yaron bakin tasha zai iya buɗewa ya gyara. Shigar babban kamfani kasuwa abu ne guda, isowar kayan ga talaka kuma wani abu ne daban, tsakaninsu akwai tafiya mai nisa wadda sau da yawa wasu ne ke yin ta.

Inda haɗarin ya fi kusa da mu shi ne makaranta. Duk sabuwar na'ura da ta fito, ba a daɗewa sai an ji wani ya ce ita ce maganin ƙarancin malamai a Afirka. Nijar ta taɓa jin wannan waƙa. A 1964 aka kafa shirin talabijin na makaranta a Yamai da taimakon Faransa. Masana daga ƙasashe da dama sun zo sun gani sun yaba, yaran da suka samu shiga sun amfana, amma shirin bai taɓa wuce ƴan tsirarun azuzuwa ba idan aka kwatanta da yawan yaran ƙasa, kuma kafin ƙarshen shekarun 1970 ya tsaya, kayansa suka zama harsashin talabijin ta ƙasa. Irin wannan ya sake faruwa a zamaninmu a wata siga: Google ya buɗe wa makarantun duniya shirin Expeditions a 2015, inda ɗalibai ke ziyartar wurare ta tabaran kwali, ya kuma rufe shi a 2021. Kamfani yana da ikon shiga yau ya fita gobe idan lissafinsa bai yi ba. Makarantar da ta sayi kaya ta horar da malamai ita ake bari da akwatuna a ɗakin ajiya.

Akwai ranaku biyu da ya kamata a ajiye su kusa da juna. Ranar 28 ga Oktoba, 2021, aka sanar da sunan Meta da alkawarin azuzuwan da ɗalibi zai zagaya taurari yana zaune. Ranar 8 ga Nuwamba na wannan shekara, kwana goma sha ɗaya tsakani, gobara ta tashi a azuzuwan zana na wata makarantar firamare a birnin Maraɗi, yara fiye da ashirin suka rasu. Ba laifin wani kamfani ba ne, kuma ba don a ɗora masa aka ambata ba. An ambata ne don duk hukuma ko ƙungiyar agaji da wata rana za a kawo wa takardar sayen tabarau don makarantun karkara ta tuna cewa kuɗin da ke hannunta guda ne, kuma aji mai bango da rufi, da allo, da littafi a hannun kowane yaro, su ne a gaba.

Yanzu mu koma ga ayyukan da aka yi da wannan fasaha, domin da su ake auna ta. Wanda ya fi yin suna a farko shi ne Clouds Over Sidra na 2015, wanda Chris Milk da Gabo Arora suka shirya wa Majalisar Ɗinkin Duniya, a kan wata yarinya ƴar Siriya mai shekara goma sha biyu a sansanin ƴan gudun hijira na Za'atari da ke Jodan. An nuna shi ga manyan masu kuɗi da masu mulki a taron Dabos na ƙasar Suwizalan, Milk kuma ya siffanta fasahar da injin haifar da tausayi. Mafi kusa da mu shi ne aikin Joel Kachi Benson, ɗan Najeriya, wanda ya ɗauki In Bakassi a wani sansanin ƴan gudun hijira na Maiduguri a 2018, sannan ya yi Daughters of Chibok a kan iyayen ƴan mata 276 da aka sace a watan Afrilu na 2014. Wannan fim na minti goma sha ɗaya ya ci kyauta a bikin fina-finai na Banis a 2019.

Aikin Benson ya cancanci yabo. Bai nemi tsoratar da mai kallo da jini ko bindiga ba. Ya ajiye shi ne a gona da tsakar gida, kusa da wata uwa da ke ci gaba da adana tufafin ɗiyarta tana jiran dawowarta, ya bar jiran ya yi magana. Ɗan ƙasa ne ya riƙe na'urar, kuma ana jin haka a natsuwar aikin. Duk da haka akwai abin da ke cikin fasahar kanta wanda gwanintar mai shiryawa ba ta iya kawar da shi. Na'urar ɗaukar irin wannan hoto tana ganin kowace kusurwa a lokaci guda, saboda haka dole mai ɗauka ya kafa ta ya je ya ɓuya. Sakamakon shi ne mai kallo yana samun kansa tsakiyar gidan mutane babu wanda ya yi masa iso. A ƙasar Hausa baƙo yakan tsaya a zaure ya yi sallama, a amsa, a shimfiɗa masa tabarma, kuma akwai inda idonsa ba ya kaiwa. Mai tabarau ya tsallake zauren. Yana iya juyawa ya leƙa ɗaki, ya dubi tukunya, ya ƙare wa mai kuka kallo, ita kuwa ba ta ganin sa, ba ta san ko wane ne ba. Tausayin da ke zuwa ta wannan hanya yana iya zama na gaske, amma na gefe guda ne, kuma da ya cire tabarau ya koma inda yake.

Mutanen jihar Maraɗi sun san wannan irin kallo tun kafin tabarau. A watan Yuli na 2005, lokacin ƙarancin abinci, hotunan yara ramammu daga cibiyoyin ciyarwa na Maraɗi suka zagaya talabijin na duniya, sai taimakon da aka yi watanni ana roƙo ya fara zubowa. Hotunan sun ceci rayuka, wannan gaskiya ne. Amma sun kuma bar wa yankin wata fuska guda a idon duniya, har aka manta cewa a wannan ƙasar ce manoma, tun daga shekarun 1980, suka rayar da miliyoyin itatuwan gawo da sauransu a gonakinsu ta hanyar sassabe na hikima, aikin da masana daga ko'ina ke zuwa koyo. Idan manyan kamfanoni suka cika duniya da tabarau, yunwar labari za ta ƙaru, kuma abin tsoro shi ne a sake zuwa neman irin hoton 2005, wannan karon mai zurfi da faɗi. Abin lura ne cewa da Benson ya koma Chibok ya yi Mothers of Chibok a 2024, fim ne na allo irin wanda jama'a ke iya zama su kalla tare.

Wannan zama tare shi ne abu na biyu da tabarau ke rushewa. Kallo a wurinmu aikin taro ne. Tatsuniya sai da masu amsawa, wasan kara na Damagaram da tashe na watan azumi sai da dandali, fina-finan Kano da suka mamaye garuruwanmu tun shekarun 1990 a gidan kallo ake jin daɗinsu, inda wani zai yi wa mugun fim tsawa, wani ya fassara wa na kusa da shi. Masu majigin yawo na Cinéma numérique ambulant, da suka fara zagaya ƙauyukan Nijar a farkon shekarun 2000, da farin zane guda da injin wuta guda suke tara gari, bayan fim kuma a buɗe muhawara. Tabarau kuwa kai guda yake ɗauka. Mutum ɗari biyu a dandali sai su yi layi, kowa ya shiga shi kaɗai ya fito shi kaɗai. Misalin da ya fi dacewa mu riƙa tunawa shi ne na ƙungiyoyin sauraron rediyo da aka kafa a Nijar a 1962: jama'a su taru su saurari shiri, su tattauna, a ɗauki muryoyinsu a faifai a aika Yamai, a sa a rediyo kowa ya ji. Na'urar ta zo ne da kunne da baki duka biyu, shi ya sa ta zama tamu.

Ba a rasa abin da za mu so mu gani da wannan fasaha ba, in da tana hannunmu. A 2022 Google ya buɗe shirin Mali Magic, inda aka sa dubban shafukan rubuce-rubucen Tambutu da hotunan masallatan ƙasa na Mali a intanet. Tsohon birnin Agadas, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, da fadar Damagaram, da hasumiyar Gobarau ta Katsina, duk sun cancanci irin wannan adana. A nan kusa da mu akwai Dankori da Mai Jirgi, inda ayarin Voulet da Chanoine ya ƙare a watan Yuli na 1899 bayan ɓarnar da ya yi tun daga yamma. Ranar da za a sake gina wannan tarihi a duniyar kamar-gaske, a ina za a tsayar da mai kallo: bayan sojan da ke riƙe da bindiga, ko cikin garin da ake ƙonawa? Da wane harshe za a yi masa bayani? Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar bisa doka, amma babu ɗaya daga cikin waɗannan na'urori da aka gina da tunanin mai jin Hausa. Haka nan a ƙarshen 2021 hukumomin Saudiyya suka nuna wani shiri na ganin Hajarul Aswad ta tabarau, hukumar addini ta Turkiyya kuma ta bayyana a 2022 cewa irin wannan ziyara ba ta zama aikin hajji. Fataken da ke zuwa Kano sun riga kowa faɗin haka: hangen Dala ba shiga birni ba ne.

To, ya dace babban kamfani ya shiga ko kuwa? In da kuɗin masu hannun jarinsa zai yi caca, wannan ruwansa ne, kuma wataƙila hasarar da yake yi yau ta sa kayan su yi arha nan da wasu shekaru. Abin da ke namu shi ne kada mu auna shigarsa da kyan hoton tabarau. Mu auna ta da farashin na'urar ɗauka da ta tacewa, domin ranar da matashi a Tasawa zai iya sayen su kamar yadda matasan Kano suka sayi kyamarar bidiyo suka kafa masana'antar fim da ba wanda ya ba su izini, ranar ce kasuwar ta zo mana. Kafin nan akwai abin da ba ya buƙatar jiran kowa. Hukumomin ilimi su riƙe kuɗinsu ga aji da littafi da malami. Masu gari da shugabannin ƙananan hukumomi kuma, idan baƙo ya zo da na'ura mai idanu da yawa yana son kafa ta a tsakar gidan wani, su tambaye shi wa zai kalla, a ina, da nawa, su kuma sa masa sharaɗin ya dawo ya nuna wa masu gidan abin da ya ɗauka kafin ya kai shi wata ƙasa.